Agwagwar da ta hana a mayar da 'yata Kano

Shekarun baya, ina tsakiyar karatu a Alƙahira, na ɗauko matata da 'yarmu daga Kano, muka kama ɗan gida a saman wani bene a unguwar Hay el-Sabi'. Yarinyar ba ta kai shiga firamare ba. A gida baki gare ta kamar rediyo, amma tana sauka Masar sai ta yi tsit. Ba ta jin Larabci, yaran benen kuma sai kallo. Wata rana wani a cikinsu ya shafa hannunta ya duba yatsansa, wai ko baƙin fatarta ya goge. Daga nan ta daina leƙa ko bakin ƙofa, abinci ma sai da lallashi.

Matata ta ce, "Malam, ni ba zan zuba ido yarinya ta lalace ba. In azumi ya zo ba ta sake ba, khalas, shi ke nan, zan mayar da ita wurin Hajiya." Mahaifiyata take nufi. Na kuma san in yarinyar ta tafi, uwar ma ba zama za ta yi ba.

Ni kuwa gwanin dabara, sai na zaunar da yarinyar kullum ina ɗura mata Larabcin littafi, kamar mai shirin jarrabawa. Ta riƙa kallona da ido taf da hawaye, ni ina ta zuba.

Akwai wata dattijuwa a ƙasanmu, Bahaushiyar Sudan, tana riƙon jikokinta. Ita ta tare ni a matakala ta ce, "Ɗana, ka bar wahalar da baiwar Allah. Turo min ita bayan la'asar, yara suna kallo a wurina."

Ashe marigayi mijinta ya bar mata tsofaffin fayafayan wasu gajerun finafinan barkwanci na Turawa, marasa kala, wasu ma ko magana babu. Duk labarin gungun yaran unguwa ne marasa jin magana, tufafinsu faci a kan faci, kare na biye da su. Yau su harhaɗa mota da katako ta ƙwace musu a gangara, gobe su ce za su taya wani babba aiki su dagula masa komai.

Ranar farko na sauka ɗauko ta da guntun wa'azina a baki kan ɓata lokaci. Na tarar da falo cike da yara, Misirawa da 'yan Sudan, ana ta kyakyatawa. Na ce bari in ɗan tsaya daga bakin ƙofa. Wallahi sai da na dafa bango don dariya. Abin da ya burge ni shi ne yaran fim ɗin ba su yi kama da waɗanda aka koya wa wasa ba. In sun tsorata ka ga tsoro, in sun yi ƙarya ka gan ta ƙiri-ƙiri a fuskarsu. Kuma ba ka bukatar yaren kowa kafin ka gane.

Muna hawa sama 'yata ta ja rigata. "Abba, ka ga akwai baƙin yaro irina a cikinsu? Kuma shi ma suna wasa da shi."

Ta ci gaba da zuwa, amma a lungu take zama, ba ta kula kowa. Sha'aban ya shigo, matata ta fara ninke kayan yarinyar, ni kuma na fara saduda.

To, a Masar mata ba sa saukowa daga bene don ɗan cefane. Kwando suke ɗaura wa igiya su zuro ta baranda, mai kaya ya saka musu su ja. Wata rana ina dawowa daga darasi na ga kan yara jere a barandar dattijuwar, kwando na saukowa a hankali. A cikinsa agwagwar matar maigadin benen ce, wadda take kiwo a saman rufi. Wai lifta suka yi mata. Daidai nan mai burodi ya biyo a kan keke da faffaɗan farantinsa a ka. Agwagwa ta buɗe fiffike ta dira a kan burodin. Keke ya yi gabas, faranti ya yi yamma, ita kuma ta bi titi tana kwakwazo.

Sai na ji wata murya daga sama tana ba da umarni da Larabcin titi: "Yalla! Yalla, ku ja igiyar, ku gudu!" 'Yata ce. Ita ce ma shugabar aikin.

Mai burodi da matar maigadi suka yi kaina, ga jama'a sun taru. Ina tsince burodi ina ba su haƙuri, "ma'alish, ma'alish," bakina kuwa ya ƙi rufuwa. Murmushin nan ya ƙara tunzura su, na sha faɗa iya sha. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Da na hau sama na tarar matata ta gama yi wa yarinyar nata faɗan. Tana gamawa aka ƙwanƙwasa ƙofa: 'yan gungun 'yata ne, har da mai shafa hannun nan, wai ta fito. Matata ta bi yarinyar da kallo har ta sauka, sannan ta ce, "Ka kira Hajiya, ka ce mata sai dai mu zo hutu."

Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikin yaran finafinan nan ba, kuma na tabbata yawancinsu sun tsufa sun bar duniya. Amma ina ganin girman duk wanda ya tara su ya bar su suka yi yarintarsu a gaban kyamara, har da ɗan baƙin, a zamanin da hakan ba abu ne mai sauƙi ba. Bai san da wata yarinya 'yar Kano ba, amma saboda aikinsa muka yi azumin shekarar mu uku a gida ɗaya.