Ban-Gajiyar Da Na Kai Bayan Shekara Bakwai

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar matata, Malama Rakiya, Allah Ya jiƙanta da rahama. Waɗanda suka san ni a nan Hyattsville ta ƙasar Amurka, suna ganin sunana za su ce, "To, ga Garba ya zo, bari mu gyara zama mu sha dariya." Ba laifi, ku gyara. Ni ma da na ɗauki biro niyyata ke nan, don ban iya wata hanyar magana ba. Amma idan kun ga dariyar ta tsaya a tsakiyar hanya, kada ku ce an yaudare ku.

Kafin mu zo ƙasar nan tana koyar da adabin Turanci ne a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, shi ya sa sunan Malama ya biyo ta har kantin maganin da ta yi aiki a nan. Ni kuwa aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi, a wani ƙaton ginin gwamnati da ke unguwar Southwest, irin ginin da idan ka shiga ta ƙofar gabas da baƙin gemu, kafin ka kai ta yamma ka yi furfura. Da akwati huɗu muka sauka. Ɗaya kayanmu ne, uku littattafanta. Ma'aikacin filin jirgin da ya ɗaga na farko, ina jin har yau yana jinyar baya.

Littattafan tsofaffi ne, labaran mutanen Ingila na zamanin keken doki, masu manyan gidaje a ƙauye da ba su da aikin yi. Babu ranar da ban tsokane ta a kansu ba. Nakan ce, "Malama, shafi ɗari huɗu, ba a harbi kowa ba, ba a saci ko akuya ba. Wance ta ziyarci wance, an sha shayi, an yi maganar ruwan sama. Wani ya kalli wata a wajen rawa, ta kwashe shafi sittin tana tunanin ma'anar kallon. Wannan ai ba labari ba ne, zaman jiran likita ne."

Ba ta ɗago kai ba takan ce, "Baban Safiya, ba ka ji abin da suke faɗa ba ne. Gatse ne daga farko har ƙarshe."

Ta ce idan mai rubutun ta kira wani mutumin kirki mai zurfin tunani, to ka buɗe ido, yanzu za a nuna maka wautarsa, kuma shi ba zai taɓa sani ba. Ta ce tamkar kakarta ce ta Tudun Wada, wadda idan jika ta tashi barci da hantsi sai ta ce mata, "Sannu da aiki." Da na tambaye ta ina soyayyar da ake ta faɗa, tunda ba wanda ke buɗe baki ya ce yana son wata sai a shafin ƙarshe, sai ta rufe littafin a kan yatsarta ta dube ni. Na san abin da take tuna mini. Wata takwas na yi ina zuwa zance gidansu, ina zuba raha har ƙannenta suna riƙe ciki, ita kuwa kullum sai ta bari na gama sannan ta ce, "To, yanzu faɗi abin da ya kawo ka." Sai in ce ai dare ya yi.

Amma abin da ta fi so a littattafan nan shi ne wurin da mutum ke sauya hali. Da fensir take karatu. Duk inda mai girman kai ya fara jin kunya, ko mai saurin yanke hukunci ta gane ta yi kuskure, sai ta rubuta a gefen shafin da Hausa: "nan ya juya", ko "nan ta juya". Takan ce ba a cikin hayaniya abin ke faruwa ba. Mutum ne kawai zai ga kansa farat ɗaya yadda wasu suka daɗe suna ganinsa. Ni kuwa nakan ce babu mai juyawa bayan shekara arba'in sai dai a kan katifa.

A lokacin gidanmu kasuwa ne. Duk Asabar da yamma falonmu na hawa na uku yakan cika: likitoci, injiniyoyi, nas-nas 'yan Jos da Kafancan, ɗaliban jami'ar College Park masu zuwa da yunwar mako guda. Ni ke kan babbar kujera ina ba da labari, ana dariya har maƙwabcinmu na ƙasa ya riƙa dukan silin da tsintsiya. Ban taɓa shakkar cewa don ni ake zuwa ba. Ranar Lahadi kuma, bayan azahar, Malama takan yafa mayafi, ta ɗauki kular dambu ko waina da makullin mota, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Za ka raka ni?" Ni kuma ina gaban talabijin ina kallon ƙwallo, in ce, "Ki gaishe su. Ai Asabar za su zo su gan ni." Shekara ashirin tana tambaya, shekara ashirin ina ba ta amsa ɗaya.

Ciwon bai daɗe ba, wata biyar ne. Ba zan yi maganarsa ba. Abin da zan faɗa shi ne mutane sun yi mana halacci. Sista Rifkatu, wata nas 'yar Pankshin, hutu ta ɗauka a wurin aikinta ta zauna da Malama a asibiti. Mijinta Bitrus, abokina, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu, kuma ranar jana'iza ya tsaya a bayan sahu cikin ruwan sama har aka gama, bai yarda an ba shi lema ba. Kwana bakwai gidan bai rabu da jama'a ba.

Duk Bahaushe ya san abin da ke biyo baya. Idan an share makoki, sai ka sa takalmi ka bi waɗanda suka zo maka gida-gida, ka yi musu ban-gajiya. Ni abin da na yi, saƙo ɗaya na rubuta a waya na tura wa kowa a lokaci guda. Har da 'yar raha na saka a ƙarshe, cewa shinkafar da ta rage za ta ciyar da jihar Maryland har baɗi.

Watan farko sun ci gaba da zuwa. Daga nan aka koma rabi, sannan mutum uku, sannan Bitrus shi kaɗai, sannan babu kowa. Na yanke hukunci nan take: Amurka ta lalata mutanenmu. Na sha faɗar haka a harabar masallaci ranar Juma'a, ina kwaikwayon yadda kowa ke duba agogo, ana dariya, sannan kowa ya shiga motarsa. 'Yarmu Safiya ta yi aure ta koma Minnesota. Takan kira ni duk mako, ina tambaya da Hausa tana amsawa da Turanci, in ba ta dariya, mu yi sallama. Sai gidan ya koma hannun firiji. Ni da aikina sauraron injina ne, na san ƙarar kowace na'ura a gidan nan fiye da yadda na san muryar maƙwabtana.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Malama za ta ce da ta ga yadda muka koma. Yanzu ta'aziyya hoton tafin hannu biyu ne a guruf ɗin waya. Ana raɗa wa jariri suna mutane suna kallo daga cikin motocinsu ta fuskar waya. Mai kawo abinci yakan ajiye a bakin ƙofa, ya ɗauki hoton ledar, ya ruga kamar zaki ne a ciki. Na ɗauka da tana nan za ta goyi bayana, ta ce lallai zamani ya ɓaci.

A bazarar nan Safiya ta zo hutu, ta ce a kai littattafan laburare tunda ƙura kawai suke sha. Na ce ta bari in duba ko akwai wata takarda a ciki. Ina buɗe na farko na ga fensirin nan, rubutunta ƙanana mai karkata dama. Ban kai ko ɗaya laburare ba. Turancina na wayoyin lantarki ne da bututu, amma na fara karatu a jirgin ƙasa na Green Line da nake shiga zuwa aiki, ƙamus na buɗe a waya. Sau biyu ina wuce tashata. Akwai ranar da saura kaɗan in tsinci kaina a Kanada.

A littafi na uku ne na isa wani babi da ba a yi komai a cikinsa ba sai maganar wata mata da maƙwabta suka kai wa ziyara, ita kuma ba ta mayar ba, ta zauna tana mamakin yadda gari ya juya mata baya. Har na fara cewa ga irin shirmen da nake faɗa, sai na ga rubutu a gefe: "An zo mata, ba ta je ba, tana jiran a sake zuwa." A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa: "Kamar wani sarkin zumunci da na sani, wanda bai san launin ƙofar kowa ba."

Na yi dariya a cikin jirgin har wata Baturiya ta sauya kujera. Kafin mu kai tasha ta gaba dariyar ta tsaya.

Taron Asabar ɗin nan da nake taƙama da shi, ashe ziyarar Lahadinta ake mayarwa. Sun yi dariyar labaraina, gaskiya ne, kuma ba zan yi ƙarya ba, na iya labari. Amma ƙafafun da suka hawo da su bene uku nata ne. Da ta tafi sun zo, sun ƙara zuwa, sun jira in taka ko sau ɗaya. Na shiga buɗe shafuka da sauri ina neman wani abin da ta ƙara rubutawa a kaina. Na same shi a farar takardar ƙarshe: "Nawa bai juya ba tukuna. Amma littafinsa da saura."

Lahadin da ta biyo na sayi lemo da ayaba na ce gidan Bitrus zan fara. A cikin mota na gane ban san hanyar ba. Abokin shekara ashirin! Sai da na kira Safiya, wadda ta karanto mini adireshin da ka, don ita ce 'yar rakiyar uwarta. A hanya na shirya barkwanci uku na shiga gida.

Ƙofar shuɗiya ce. Sista Rifkatu ta buɗe, ta dube ni daga hula har takalmi.

"A'a, Baban Safiya! Ka yi sammako."

Barkwancin nan uku duk suka gudu. Na ce, "Sista, ban-gajiya na zo."

"Ta me?"

"Ta Malama."

Ta daɗe riƙe da ƙofar. Sannan ta matsa gefe ta ce, "Shigo. Abokinka na ciki."

A keken marasa lafiya na same shi, kusa da taga, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Na ga labarin a guruf a lokacin. Na tura hoton tafin hannu, na rubuta, "Mutumina, tashi ka daina ragwanci." Mutumin da ya tsaya mini cikin ruwan sama.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Bitrus, sannunku da ɗawainiya. Allah Ya saka da alheri. Na makara." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, kuma ina jin tun ranar da na faɗa wa Malama abin da ya kai ni gidansu ban sake yin magana tsirara haka ba.

Ya yi ta kokawa da harshensa. Da ƙyar ya ce, "Garba... babu... labari?"

Sai na ba shi na akwatunan filin jirgi, na mai da su goma sha biyu. Rabin fuskarsa ya yi dariya, ɗaya rabin yana kallona.

Da Sista ta rako ni ƙofa ta ce, "Mu dai ba za mu iya mayar maka ba. Ka ga yadda yake, ga gidanka bene uku." Na ce ni zan riƙa zuwa. Ta karɓi ledar lemon da na manta a hannuna, ta ce, "Malama ta sha gaya mini wata rana za ka zo. Shekarar ce dai ba ta faɗa ba."

Tun daga ranar na bi gidaje da dama. Wasu sun koma Najeriya. A wani gida wani baƙo ne ya buɗe, bai taɓa jin sunan da na ambata ba. Alhaji Sule, wanda ya yi wa Malama salla, ya rasu bara, shi kam ba zan taɓa sanin launin ƙofarsa ba. Falona har yanzu shiru yake ranar Asabar, ni da firiji, kuma ban ce wannan zai sauya ba.

Abin da ya rage na Malama a gidan nan bai da yawa: akwati uku na labaran mutanen da ba su da aikin yi sai ziyara, da guntun fensir mai alamar haƙoranta da na tsinta a tsakiyar ɗaya daga ciki. Ranar da na dawo daga gidan Bitrus na ɗauke shi, na buɗe farar takardar nan, na kusa rubuta kalma ukun nan, "nan ya juya", a ƙarƙashin nata. Sai na ajiye. A duk littattafan da na karanta ban ga inda mutumin cikin labari ya leƙo gefen shafi ya rubuta wa kansa ba. Mai karatu ke rubutawa, kuma mai karanta ni ta tafi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Malama. Gobe Lahadi, na goge kaftani. Kin yi tambaya shekara ashirin, amsar ita ce e, zan raka ki.