Albasar da Ta Yi Saura

Ku da kuka san Baba a Wurno kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya ƙirga masu gaisuwar. Bakwai ne ko tara, sai ya washe baki: "Madalla, kun shiga lissahi!"

Lissafin kuwa guda ne, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Wajen karatun rabon gado ya tsinci adadin nan, ya kamu da sonsa. Raba shi biyu, raba shi uku, bi da shi har goma, ba ya barin ko ɗaya. Baba ya ga yadda rigimar tunkiya guda ta watsa gidan kakanmu, sai ya rantse 'ya'yansa ba za su taɓa faɗa a kan saura ba. Saboda haka albasar da yake raba mana duk shekara adadin nan ce cif. In ta gaza ya sayo ciko, in ta haura ya kyautar, mutumin da ko ɓawon gyaɗa ba ya yarwa!

Da Baturen gona ya zo rangadi ya ce fadamarmu za ta ɗauki dubu uku, Baba ya dubi tafinta: "Ce mai shi raba ta bakwai in gani." Maƙwabta suka bi Bature suka cika rumbu, mu muka tsira da adadinmu mai kyau.

Wata shekara saniyar Ardo ta tumɓuke mana albasa guda. Ardo, bawan Allah, ya sayo kwando cike daga kasuwar Gandi ya zo ban haƙuri. Baba ya daka tsalle: "Ɗaya tac ci, ɗaya nika so! Kashe ni kaka son yi?"

To, yana da 'ya'ya goma yana taƙama, sai ga ni. Ranar suna ana ta barka, shi yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ɗago: "Kowa ɗari biyu da ashirin da tara, saura ɗaya. Mi niy yi ma wanga yaro?" Liman ya raɗa mini Usmanu, amma har matata Saura take kirana. Kuma na cika ɗan halak: har gobe in na ƙirga awakina sau biyu, amsa biyu nake samu.

Na taɓa yin wayo na ce, "Baba, ƙara goma mana, ta rabu sha ɗaya."

"In ɓata adadin mutanen kirki don kai? Tashi!"

Ita guda ɗin, duk shekara shi yake cinye ta ɗanya a gabanmu, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa, "Ba kuka nika yi ba, Saura yaj jawo min."

Ya rasu ana gab da cire albasa. Muka zauna mu sha ɗaya muka raba, ta yi saura a tsakiyar tabarma, babu mai cin ta. Yayyena biyu suka miƙa hannu tare, suka haɗa ido. Sai babbar yayarmu Hajo ta ce, "Shekara nawa yana ƙona bakinai don kar a ga haka?" Suka janye. Ta turo mini ita: "Kai kaj jawo ta."

Ban iya ci ba. Na dasa ta ta yi iri, jikokinta nake nomawa har yau.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa duka, kada Ya bar saura.