Kaltum Jikar Falta a Filin Kalankuwa

Kaltum mai ƙuli-ƙuli ce a ƙauyenmu, Gawon Kallamu, gaba kaɗan da Gezawa. A nan aka haife ta, amma kakanninta daga Barno suka zo fataucin kanwa, suka sami gona suka zauna. Kakarta Falta, wadda ita ce ungozomar ƙauyen a zamaninta, ita ta goye ta. A hannunta ta koyi tuyar ƙuli, a hannunta kuma ta koyi rufa-ido.

Falta ba ta taɓa yin wasa a gaban maza ba. A cikin gida take yi, ranar suna ko biki, bayan an ci an sha. Haka Kaltum ta gada. Ba ta da rigar layu, ba ta zare wuƙa, ba ta kururuwa. Tabarma take shimfiɗawa ta zauna ta miƙe ƙafa, kayan aikinta faifai da ludayi da ƙwai da ƙulin da take sayarwa. Tana cikin hira kamar mai tsince wake, sai ka ga ƙwan da ta rufe da faifai ya fito daga ɗankwalin uwar amarya. In aka ce aljanu gare ta, sai ta ce, "Wane aljani zai zauna da ni cikin hayaƙin murhu? Hannu ne kawai, ku ne ba kwa kallo da kyau."

Kowace shekara, in an gama kai hatsi rumbu, ana yin kalankuwa a filin bayan gari, kuma 'yan dabo na da nasu da'irar. Ni ne magatakardan dagaci, ni ke raba wa masu wasa wuri. Bara Kaltum ta zo zauren dagaci, a lokacin ta haura hamsin, ta ce tana son shiga da'irar. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malam, waɗanda suka ga hannun Falta suna ta ƙarewa. In na mutu, shi ke nan, kamar ba a yi ta ba."

'Yan dabo suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: ba mai taka da'ira sai makaɗi ya kira sunan wanda ya koya masa. Saboda haka na aika aka kira shugabansu, Sarkin Dabo Sama'ilu.

"Kaltum, ba mu ƙi ki ba," in ji shi. "Zamani ne, har a waya ana ganin mata suna yi. Amma kalangu bai taɓa kiran sunan mace a fili ba. Ki ce ni na koya miki, a kira sunana, ki shiga. Sannan ki bar gaya wa mutane wai hannu ne kawai, kina zubar mana da kwarjini."

"Kai ka koya min?" Ta gyara hijabinta. "Sama'ilu, lokacin da na fara ɓatar da ƙwai kana bin awakin babanku ba ko wando."

"To, sai ki koma gidan biki."

"Falta za a kira. In ba za a kira ta ba, ku riƙe da'irarku."

Dagaci ya ce ƙa'idar 'yan dabo tasu ce, ba zai sa baki ba, amma sauran fili na kowa ne. Sai na ba ta gindin gawon da ke kusa da masu sayar da abinci. Sama'ilu kuwa ya gargaɗi makaɗinsu, Tahir, cewa ko kallon wajen kada ya yi.

Ranar wasa, bayan la'asar, Kaltum ta iso da tabarmarta. Ba ita kaɗai ba. A bayanta tsofaffin matan ƙauyen ne, ɗauke da ƙorai da babban baho. Suka cika bahon da ruwa, suka kifa ƙwarya a ciki, suka kama kiɗan da suke yi a gidan biki. Suna kiɗa suna amsawa: "Jikar Falta ta zo, jikar Falta ta zauna."

Sama'ilu yana tsakiyar zaro reza daga baki, ya ce wa Tahir ya ƙara ƙarfin kiɗa. Tahir ya ƙara. Duk da haka masu cin abinci suka fara juyowa wajen gawo, sannan na bayan da'ira suka biyo.

Kaltum ta ɗauki ƙuli biyu masu zagaye kamar awarwaro, ta miƙa wa mutane suka duba, babu tsaga. Ta karɓa tana ba da labarin yadda Falta ke zagin akuyar maƙwabta da Barbarci. Kafin a gama dariya, ƙulin nan biyu sun shige cikin juna kamar sarƙa. Ta tashi da kanta, ta je daidai bakin da'ira, ba ta taka ba, ta miƙa wa Sama'ilu.

"Sarki, duba min wannan. In ka gama dubawa ka cinye, ban sa yaji da yawa ba."

Ya juya ƙulin, ya ɗaga shi sama, ya sake juyawa. Bai ga tsaga ba.

Nan ne Inna Furera, mahaifiyar Tahir, wadda ke kaɗa ƙwaryar ruwa, ta ɗaga murya har kowa ya ji. "Kai Tahir! Falta ce ta yanke maka cibi, ta yi maka wanka da hannun nan da ake gardama a kai. Yau sunanta ne ya yi maka nauyi a baki?"

Tahir ya dubi Sama'ilu, ya dubi uwarsa. Ya matse kalangu a hammata, ya sauya kiɗa ya bi na ƙwarya, ya buɗe murya ya kira Falta 'yar Barno, ya kira jikarta.

Kaltum ta tsaya har ya kai ƙarshen kirarin. Mutane suka buɗe mata hanya ta shiga da'ira, amma sai ta juya ta koma gindin gawo.

"Abin da na zo nema na ji," in ji ta. "Mai son kallo, ga tabarma nan."

Sama'ilu bai yi wa Tahir magana ba har damina ta faɗi. Bana da na zo rabon wuri, na tambayi Kaltum ko da'ira take so. Ta ce a bar mata gawonta, amma a gaya wa Tahir ya zo da wuri.