Ferit Kalemi da Madubin da Ya Bari a Saitin Idonsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, ashirin da uku ga watan Afrilu, ina bakin famfon ban-ruwa, Lule ta kira ni a waya ta ce, "Hysen, abokinka ya tafi." Ban tambaye ta wane aboki ba. Mijinta, Ferit Kalemi, ya rasu a gidansa da ke gefen garin Mareeba yana da shekara sittin da takwas, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi tun farkon damina. Washegari muka sallace shi a masallacinmu, muka kai shi makwancinsa kusa da iyayenmu, waɗanda suka zo daga Albaniya suka noma taba tare kafin mu mu koma gyaɗa.

Ferit, ka tafi ka bar gyaɗarka a ƙasa, saura kaɗan a tuge ta. Da za a ba ka damar magana da ka yi mita, domin ka fi kowa sanin cewa a wannan lokaci ne aladun daji suke haurowa daga rafi, kuma garke guda ya isa ya mayar da gonar mutum kamar an bi ta da garma. Tun kana kwance Lule ta faɗa mini cewa idan gyaɗar bana ta lalace ba za ta iya riƙe gonar ba, sai dai ta sayar ta koma Cairns wurin ƙanwarta. Maganar nan ce ta tsaya mini a rai a makabarta. Ana yi maka addu'a, rabin hankalina yana bakin rafi.

Kai ka fara kawo madubin zafi yankinmu. Na tuna ranar da ka ɗaura shi a kan bindigarka, muka taru muna yi maka dariya, muna cewa tsufa ya sa ka sayi talabijin don ka ga alade. Ka miƙo mini ka ce in leƙa. Magariba ce, ido ba ya rarrabe komai, amma a cikin madubin sai ga duk abin da ke da ɗumin jiki ya fito fari tas: shanun maƙwabcinmu Ezio, wani kangaru a gindin shinge, har da injin motarka da bai gama hucewa ba. Daga ranar muka daina dariyar, muka fara roƙonka ka zo gonakinmu. Ba ka taɓa cewa a'a ba, sai dai ka yi ta gunaguni tun daga ƙofar gidanka har ka iso.

Irin wannan madubi ba ya ganin zanen da ke jikin takarda, zafi kawai yake gani. Wasu suna sayen abin ɗumama hannu a kanti su manna a allo don su yi saiti. Kai ka ce ba ka ga dalili ba, alhali akwai buta a gidanka. Lule ce za ta tsamo ƙullin ganyen shayi daga ruwan zafi, ta fito da shi a cokali yana tururi, ka soke shi da ƙusa a tsakiyar kwali, ka koma baya mita ɗari da sauri, tana bin ka da murya: "Ka hanzarta, tsoho, kafin ya huce! Ba zan sake ɗora buta ba." Kullum sai ta sake ɗorawa. Za ka harba uku, ka duba inda suka faɗa, ka matsar da alamar saiti zuwa wurin, ka sake gwadawa. In kuwa harsashi ya fasa ƙullin, sai ka juyo kana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar kai ka ƙirƙiro shayi.

Abin da ya fi ba mu haushi da kai shi ne ba ka yarda ka saita wa kowa madubinsa ya tafi. Sai mutum ya zauna ya yi da hannunsa kana tsaye a kansa. Da zoben da ke wajen ido ake farawa, a juya shi har alamar saiti ta fito sarai, sannan na gaba don nisa, sannan a zo kan shayi. Ka sha gaya mana cewa idon kowa daban ne, wanda ya yi aiki da saitin idon wani hazo zai riƙa gani yana zaton haka duniyar take. Ni da kaina na ce maka ka fiye tsanani. Ka ce in ban iya ba in koma harbi da roba.

Ezio Tomaselli ba zai manta da kai ba, ya kuma ba ni izinin in faɗi wannan. Shi ne kullum yake zolayarka da cewa a duk yankin nan babu mai kashe alade kamar mutumin da ba ya cin sa, kai kuma ka ce, "Ni na harbe, kai ka ja kayanka, kada ma ka raɓi motata." Wata asuba kuna gefen gonarsa, ya hango wani farin dunƙule yana motsi a cikin kunya. Ya ɗora yatsa a kan kunamar bindiga. Ka danne bakin bindigar ƙasa.

"Ferit, sake ni mana! Ƙato ne, zai tsere!"

"Ya tsere ɗin. Ka ga kansa? Ka ga ƙafafunsa?"

"Me kuma zai yi tono a gonata da asuba in ba alade ba?"

"To, bari ya gaya mana da kansa."

Dunƙulen ya miƙe a kan ƙafa biyu yana dafe da kwankwaso. Ƙanin matar Ezio ne, ya fito da wuri yana gyaran bututun ruwa da ya fashe. Ezio ya zauna daɓas a ƙasa. Ba ka yi masa faɗa ba, ba ka kuma ba kowa labarin ba, daga bakinsa muka ji. Tun daga lokacin ya zama doka a tsakaninmu: ba a harbin fari sai ya ɗaga kai ya yi tafiya an gane shi. Ranar jana'izarka ƙanin matar Ezion nan ya zo ya tsaya a ƙofar masallaci da hularsa a hannu, yana kuka kamar shi aka yi wa rasuwa.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da ya faru bayanka, domin na san za ka so ka ji. Ba a gama zaman makoki ba aladu suka shiga gonarka ta kusurwar rafi suka tone kunyoyi da dama. Ni da Ezio muka ce za mu riƙa gadi bi da bi, amma namu gonakin ma suna jiranmu, kuma mu biyu ba matasa ba ne. Sai 'yarka Drita, wadda ta ajiye aikin jinyarta a Townsville ta dawo ta kula da kai, ta ɗauko bindigarka. Tana da lasisinta, kai ka koya mata harbi, amma ba ta taɓa aiki da madubin zafi ba. Da yamma muka fita bayan gida. Ta leƙa, ta ɗago, ta goge ido, ta sake leƙawa.

"Kawu, hazo nake gani. Ina jin kukan da na sha ne."

Na ce mata ba kuka ba ne, zoben yana kan saitin idon babanta, idon ɗan shekara sittin da takwas. Ta juya shi kawai ya dace da nata. Ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta.

"Shi ya juya shi da hannunsa. In na taɓa, shi ke nan ya tafi."

Ni ma na so a bar zoben nan yadda ka bar shi, wallahi na so. Amma da wannan hazo ba za ta bambanta alade da ɗan maraƙi ba, balle mutum a durƙushe, kuma dokarka ta hana ta harbi abin da ba ta gane ba. Ko dai a juya zoben, ko a bar wa aladu gyaɗar, Lule ta tattara ta bar gidan.

Sai muka ji ƙarar ƙofar kicin. Lule ce ta fito da cokali a hannu, ƙullin shayi yana tururi a kai. Ba wanda ya ce ta ɗora buta. Ta wuce mu ta soke shi a jikin kwalinka da ƙusarka, ta dawo tana share hannu da gefen riga.

"Drita, ubanki bai taɓa barin kowa ya duba da idonsa ba, har ni. Juya abin nan, ki hanzarta kafin ya huce. Ba zan sake ɗora buta ba."

Drita ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta kama zoben ta juya a hankali. Can ta ce, "Na gani. Mama, har tururin nake gani." Harbinta uku na farko sun faɗa hagu kaɗan. Ta matsar da alamar kamar yadda na nuna mata, ko in ce kamar yadda ka nuna mini. Lule ta sake ɗora buta. A zagaye na biyu ƙullin ya fashe.

Tun daga ranar Drita ce ke tsaron kusurwar rafi, mu muna taya ta. Garken ya sauya hanya bayan ta kayar da manyan cikinsu, Ezio ya zo da tarakta ya ja kayansa yana cewa ashe ƙin alade gado ne a gidanku. Jiya aka tuge gyaɗarka, tana shanya a kunya, kuma ta yi 'ya'ya. Lule ta daina maganar Cairns, har ta tambaye ni wane iri ya kamata a shuka baɗi.

Ina kewarka, Ferit, har gunaguninka nake kewa. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa rayuwar da ka tsare da hannunka a waccan asuba ta zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lule da Drita, da dangin Kalemi na nan da na Shepparton, da duk manomin da ka taɓa tsayawa a kansa har ya iya saita madubinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa albarka a gonar da ka bari da idon da yake tsaron ta yanzu. Amin.