Agali, Wanda Ya Kwanta a Bakin Rijiya

Duk wanda ya bi hanyar Azagor daga Dakoro da sassafe yakan ji muryar Baba Agali kafin ya ga fuskarsa. Da ya sallame sallar asuba sai ya saɓa igiya, ya kwance takarkarinsa, su nufi rijiya suna gardama. Shi ke magana, san yana kaɗa kunne. "Taka mana, malalaci! Jiya ka ci harawar shanu biyu, yau kana tafiya kamar surukin sarki." Ya zura wasaki, sa ya ja, ruwa ya cika komi. Shanun Fulani da raƙuman Buzaye da jakunan matan gari su yi ta sha har rana ta take. Haka yake tun yana saurayi har furfura ta cinye gemu. Ranar kasuwar da ta wuce ya miƙa igiyar ga ɗan ƙanensa Mohamed, don kafaɗa ta ce ta gaji. Ba wanda ya zo daga birni ya maƙala masa lamba a ƙirji. To, ba mu jira su ba. Ga tamu lambar, da harshenmu.

A ƙasarmu in ka hana mutum hatsi, a ce rowa. In ka hana shi aron jaki, a ce hali. Amma ruwa ba a hana shi, ko ga wanda ya kashe maka uba. Agali ya gaji wannan tare da igiya, ya riƙe shi kamar salla. Sai ga shi abin da muke jinjina masa a kai shi ne ranar da ya hana.

Shekarar da fara ta yi yawa, wani kamfanin Nasara ya karɓi aikin kashe ta. Kamyo, babbar motar kaya, ya kawo gangunan ƙarfe cike da garin guba, aka jibge su kan tudun da ke bisa rijiya, don nan hanyar mota ta ƙare, nan kuma direba ke samun ruwan sanyaya inji. Ba shinge, ba rufi. An rubuta gargaɗi a jikin kowace ganga, da Faransanci, a ƙauyen da ba mai karanta shi. Da fara ta wuce suka sallami mai gadi, suka tafi, suka bar saura. Rana ta gasa gangunan, tsatsa ta huda su. Sai ga ruwan bazara guda, mai ƙarfi, irin wanda ke fitar da yara rawa. Ya wanke tudun, ya gangara cikin rijiya, sannan sama ta kulle bakinta.

Abin da ya biyo baya, wanda ya gani ba ya son maimaitawa. Amai da murɗar ciki gida gida. Fadimata mai fura ta rasa 'ya'ya biyu a yini ɗaya. Almu makiyayi ya faɗi tsakiyar shanunsa, su ma suka bi shi. Masu ciki suka yi ɓari. Har yau akwai matan da hannunsu ke rawa, ba su iya ɗora tulu. Shafa'atu, autar Agali, tana cikin waɗanda aka kai. Shi da hannunsa ya jawo ruwan da ta sha.

Ya dawo daga maƙabarta ya tarar da kurciyoyi da ƙudan zuma zube a gefen komi. Ya ɗaga kai ya ga farin zanen da ruwa ya bari daga tudun har bakin rijiya. Bai shawarci kowa ba. Ya sari ƙaya ya rufe bakin, ya shimfiɗa buzunsa a kai ya kwanta.

Wakilin kamfanin ya zo ya ce annoba ce, ruwa mai zurfi yana wanke kansa. Agali ya ɗebo ragowar da ke komi a ƙwarya ya miƙa masa da hannu biyu. "Bismilla, Mushe. Baƙo ne kai." Mushe, wato "ranka ya daɗe" da Faransanci, ya ce ba ya jin ƙishirwa, ya koma mota.

Amma ƙishirwa ba ta jin hujja. Wata rijiyar tana can wajen Ɗan Gulbi, mata na tafiya da safe su dawo da la'asar da tulu guda. Waɗanda ya shayar tun suna goye suka juya masa baya. Rabi'atu maƙwabciyarsa ta tsaya kansa ta ce, "Allah ya hana ka ruwa ranar da kake nema!" Ya ce, "Na ji, ɗiyata." Bai tashi ba.

Sai ga Intalla daga Azagor, abokinsa tun na ƙuruciya, da garken da harshensu ya fito waje.

"Tashi, tsoho, na san wasanka."

"Ba wasa, Intalla."

"Kai ne, ɗan gidan guga, yau kake hana ruwa? Mi za ka ce da ubanka in kun gamu?"

"In ce da shi ban shayar da kai mutuwa ba."

Intalla ya zare takobi rabi. Agali ya miƙa wuya ya ce, "Sare. Amma ka san takobin nan tun muna samari ko kabewa ba ya yankawa." Sannan ya nuna wani gawo can cikin kwari, nesa da tudun. "Ban hana ka ruwa ba. Ruwanka na can gindin gawon can, ƙasa ce kawai ta rufe shi. Tura shanunka Ɗan Gulbi, kai ka tsaya mu tone."

Intalla ya zage shi tas, ya mai da takobi, ya ɗauki dagi.

Haka Agali ya yi da duk wanda ya zo: dabbobi su wuce, a bar hannu guda. Ya sa aka danne tsohon bakin da gungume da duwatsu, shi ya shiga sabon rami a gindin gawo. Manomi na tono, makiyayi na jan ƙasa, waɗanda jiya suke faɗa kan ɓarnar gona. Tafin hannunsa ya tsage, ya naɗe da tsumma ya koma. Da ƙasa ta fara fitowa da danshi, mata suka taru da guɗa a baki.

Ruwa ya fito. Wasaki ya hau yana ɗiga. A al'ada gugan farko na sabuwar rijiya na baƙo ne, mai rijiya ba ya fara sha. Amma baƙi suka ja da baya, 'yan gari ma haka. Kowa ya binne wani. Agali ya dubi mutane, ya kafa kai, ya sha har ya jiƙa gemu.

"In ka mutu," in ji Intalla, "wa ke gadon san?"

"Kai. Ku biyu kun dace, ba mai son aiki."

Aka zauna ana kallonsa kamar tukunya a kan wuta, har inuwar gawo ta juya. Ya yi hamma ya ce, "Jama'a, in ba za ni mutu ba, a ba ni fura." Nan guɗa ta tsage, Fadimata ce ta fara, tana kuka tana dariya.

Baba Agali, kai ne ka yarda a kira ka marowacin ruwa don kada a ƙara haƙa kabari. Kai ne ka haɗiye zagin naka da baƙin cikin ɗiyarka, ka tashi ka tono wa gari rai. Gawo mai inuwar rani! Masu gangunan sun tafi ba ko gaisuwar mutuwa. Mu muna nan, muna sha, muna haihuwa, kuma ba mu manta ba.

Mun gode, Baba. Allah ya hutar da kafaɗarka. Ku kuma matasa, in an sauke kaya a garinku ku tambaya mene ne ciki, ko wane ne mai shi, kada ku matsa sai an faɗa muku da harshen da kuke ji. In kun ga cuta ku tsaya a bakinta, ko za a tsine muku.

Ranar da ya aje igiya, Rabi'atu ta keto taro ta durƙusa gabansa. "Baba, bakin da na yi maka, ka yafe."

Ya ce, "Wane baki? Ai bai kama ba, ɗiyata. Ba ki gan ni kullum a jiƙe ba?"