Kurɓar da Na Tofar a Bayan Toranke

Liman na sallame asuba muka kama hanya daga Kademi, ni da taubashina, a tsohuwar motarsa da sai ta yi tari ta yi kaki kafin ta yarda ta tashi. Washegari sunan jikana, ni kuwa na riga na cika wa uwargida baki cewa zoɓo da kunun aya ba za su shigo gidana ba a wannan suna. Na ji labarin wani Bafulatani a wani ƙauye bayan Toranke da ya kafa 'yar gonar baƙin inabi, yana sayar da 'ya'yan, yana kuma matse ruwan da safe ya zuba ƙanƙara. Shi na ce za a sha.

Ku da ke bin rubutuna kun san zurfin karatuna. A aji huɗu na yi sallama da firamare, ragowar ilmin a bakin ƙofar ofis na tsince shi lokacin da nake masinja. Amma a wannan tafiya na fito da sabon ilmi a aljihu. Kwanakin baya taubashin nan nawa ya nuna mini wasu Turawa a wayarsa, sun je wata ƙaramar gona a ƙasarsu suna ɗanɗana giyar inabi da suke kira Fino Nuwa. Na yi a'uzubillahi yadda ya kamata, sannan na gyara zama na kalla har ƙarshe. Mutum zai ɗaga kofin gilashi ya duba a haske, ya juya shi, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kuskure baki, sai ya tofar a bokiti ya rufe ido. Wai haka masana ke yi kada ya bugar da su. Na ce a raina giyar tasu ce, Allah Ya tsare mu, amma salon ai ba haramun ba ne. Saboda haka na zare kofin gilashi ɗaya daga jeren uwargida ba da saninta ba, na naɗe shi a hula. Na sa farar babbar riga, na naɗa rawanin da ban taɓa shi sai da Salla, na rataya carbi. Taubashina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Inabi za mu saya ko gawa za ka sallata?”

A Gaya muka karya kumallo. Mai ƙosan bakin tasha ta rage wa ƙosanta jiki har sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san an saka masa wani abu, kuɗin kuwa bai rame ba. Shayin dai ya yi kauri. Adaidaita sahu da babura sun cika titi tun rana ba ta ɗaga ba, wani ya ɗauko akuya a cinya, wani ya ɗauro buhunan taki har ba a ganin kansa. Muka sha mai, taubashina ya yi ta tsaki kamar mai gidan man ne ya haifi tsadar.

Daga Gaya zuwa wajen Ajingi hanyar tana da kirki a wasu wurare, a wasu kuma sai ka riƙe hularka. Gonaki sun bushe, an kwashe kara, shanu na kalar abin da ya rage. Bayan Toranke muka sauka daga kwalta muka shiga yashi, motar ta kafe, na fito wai zan tura. Gwiwata ta dama ta daɗe da yin ritaya, ba na tafiya sai da sanda, ko da sandar ma tangaɗi nake kamar kwalekwale. Masu amalanke ne suka fitar da mu.

Gonar ba ta fi filin gida biyu ba, amma ganinta kawai ya sanyaya mini ido. Kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, rumfunan itace da waya, 'ya'yan inabi baƙi wuluk suna reto a ƙasan ganye, ga famfon sola yana tsiyaya. Mai gonar dogo ne siriri, ba zai kai ni shekaru ba. Shanunsa ya sayar ya haƙa rijiyar, aka yi ta yi masa dariya har kurangar inabin ta fara 'ya'ya. Shi ne kuma ladanin masallacin ƙauyen, wannan daga baya na sani. Da ya ji kakannina daga gabas suka zo sai fuskarsa ta washe.

“Ashe bawana ne ya zo gaishe ni. Babarbare, me ka sani game da inabi? Ku da kuka saba da ɗanwake.”

“Ɗan Fillo,” na ce, “yau ubangidanka zai koya maka abin da ka shuka.”

Akwai mutane a wurin. Mata da 'yan robobinsu suna jiran a auna musu, da wasu maƙwabta a kan tabarma, da wani dillali daga kasuwar Gaya da ya zo da kwandunansa zai kwashi rabin abin da ya nuna. Mai gonar ya buɗe kula, ya ɗebo ruwan da ya matse da safen nan, zai zuba mini a kofin roba. Na ɗaga masa hannu. Na warware hula na fito da gilashin uwargida.

Jama'a, na yi komai bi da bi. Na ɗaga shi a rana, ja ne mai duhu kamar jinin ƙaho. Na juya shi har ya fantsalo mini a riga. Na cusa hanci na ja ƙamshi. Na kurɓa. Wallahi tun da uwata ta yaye ni ban sa abu mai daɗinsa a baki ba, zaƙi da ɗan tsami-tsami da sanyi har cikin kunne. Maƙogwarona ya buɗe yana roƙo. Amma ilmi ilmi ne. Na kuskure baki, na juya gefe, na tofar da shi a gindin kurangar, na rufe ido na haɗe gira kamar yadda Baturen ya yi.

Ban san tsawon lokacin da Bature ke ɗauka ido a rufe ba, don haka na ɗan jima. Da na buɗe, dillalin yana ɗaure kwandunansa a babur babu ko ɗaya da inabi. Matan sun juya da robobinsu. Na tabarma suna neman takalma. Mai gonar yana tsaye da ludayi a hannu, bai ce Babarbare ba, bai ce bawana ba. Cewa ya yi, “Malam, lafiya?” Ni kuwa na ce masa madalla, abu ya yi, a cika mini jarkoki bayan Azahar. Na ɗauka kwarjinina ne ya kori mutane. Taubashina yana can ƙarƙashin mota yana ɗaure salansa, wato bututun hayaƙinta da ya kwance, bai ga komai ba.

Da rana ta take na cire rawanin saboda zafi, muka taka masallaci. Ina tsugune ina alwala sai na ji wani yana ba na kusa da shi labari. Wai wani babban malami ya zo takanas daga Kademi, ya shinshina ruwan ladan, ya kurɓa, ya tofar, ya rufe ido yana istigfari. Wai dama an daɗe ana cewa ruwan inabi in ya kwana juyawa yake. Ɗayan, wani tsoho, ya ce shi tun da ya ga mutum ya sayar da saniya ya sayi itace ya san da magana. Ruwan butar ya ƙare a hannuna ban wanke ƙafa ba. Sannan aka kira salla a lasifika, sai wani tsoho ya ɗaga kai ya ce, “Yau ba muryar ladan ba ce.” Aka ce masa mai unguwa ya ce ya dakata tukuna har a bincika.

Na hango ladan a sahun ƙarshe, shi kaɗai a gefe, an bar masa fili dama da hagu kamar mai ƙyanda. Mutumin da aka ce shekara da shekaru shi ke tashin garin da asuba. Ban san abin da na karanta a wannan salla ba, Allah Ya karɓa in ta karɓu. Taubashina ya raɗa mini bayan sallama, “Ka tashi mu gudu, ko ka tashi ka yi magana. Ni dai na ɗaure salansa.”

Na tashi. Na ce, “Allah gafarta Malam, jama'a, ku ɗan dakata. Babban malamin da ake faɗa ni ne, kuma ko izu biyu ban haɗa ba.” Na faɗa musu komai, da wayar, da Turawan, da bokitin. Da na zo wurin cewa a wajen mashaya giya na koyo salon, liman ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, kafaɗarsa na rawa. Wani ya ce, “To Baba, su don kada su bugu suke tofarwa, kai don me?” Na ce don a ce na iya. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

Amma tsohon nan mai maganar saniya bai gamsu ba. Ya ce baki ya tofar a gaban mutane, sai baki ya haɗiye a gaban mutane. Aka aika aka ɗauko kular gaba ɗaya aka dire a ƙofar masallaci. Na miƙa gilashin, ladan ya kawar da shi, ya cika mini kwanon sha. Na yi bisimilla da ƙarfi na shanye. Ya sake cikawa. Na shanye. Tun ina jin daɗi har na fara jin ruwan yana kai da kawo a cikina kamar tulu a kan jaki. Liman ma ya karɓa ya kurɓa, ya ce shi bai ji komai ba sai ni'imar Allah. Tsohon ya ce a jira ya zauna a jikina tukuna, sannan in taka daga nan zuwa gindin darbejiya a ga tafiyata.

Nan ne hankalina ya tashi. Ni da ko ruwan rijiya na sha tangaɗi nake. In na karkace sau ɗaya, ladan ya rasa lasifikarsa, gonar kuma ta zama abin nuni. In na riƙe sanda a ce ita ta riƙe ni. Na miƙa wa taubashina sandar. Na ce wa gwiwata a zuci, ke da Allah, yau kaɗai. Na kafa ido a kan bishiyar na fara takawa, kowane taku kamar ana soka mini tsinke, gumi na bin gemuna, gari guda na bina da kallo. Na isa na dafa darbejiyar nan kamar na ga ɗan'uwa.

Taubashina ya ɗaga murya ya ce, “Wallahi tare muka tashi da mutumin nan, ban taɓa ganin ya yi tafiya a miƙe haka ba!” Aka fashe da dariya. Nan take wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ruwan yana maganin gwiwa. Na ce a'a Iya, ƙarya ɗaya ta ishe ni a yini.

Muna lodin jarkoki da kwanduna a mota aka kira La'asar. Muryar ladan ce, siririya mai tsawo, tana ɗan rawa a farko. Na tsaya da jarka a hannu har ya gama. Bayan salla ya rako mu bakin mota. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya katse ni.

“Babarbare, in ka sake zuwa ka bar ilminka a gida. Ka zo da cikinka kawai, shi ya fi ka hankali.”

Dillalin dai ya riga ya tafi da labarin. Da muka iso Gaya na sa aka tsaya, muka neme shi a kasuwa ba mu same shi ba. Mai shayin da muka sha shayinsa da safe, bai gane ni ba babu rawani, ya ba ni labarin malamin Kademi, har an ƙara cewa ya suma. Na gyara masa, na roƙe shi ya gyara wa duk wanda ya zauna a bencinsa. Na sayi abin da ya fi ƙarfin sunan jikana, amma bai kai abin da dillalin zai ɗauka ba, inabi kuwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Duk wanda ya ji labarin nan a Gaya ko Ajingi, to ruwan ladan halal ne tsarkakakke, wanda ya tofar ɗin ne ba shi da kai. Mai kwanduna, in wannan ya iso gare ka, ka koma.

Sauran hanyar ba sai na faɗa ba, duk inda taubashina ya ga duhuwar geza sai na ce ya tsaya. Mun shiga Kademi ana shirin Magariba. Uwargida ta tare ni a tsakar gida, ta dubi jan tabon da ke gaban farar rigata, ta dubi gilashinta a hannuna, ta ce, “Malam, me ka koyo a tafiyar?”

Na ce mata na koyo cewa rawani da farin gemu magana suke yi ko mai su bai buɗe baki ba, kuma abin da aka ba ka da hannu biyu haɗiyewa ake yi. Ta karɓe gilashin ta mayar cikin jere ta kulle. Da safe a wajen suna kowa aka zuba masa a kofi, ni kaɗai ta aiko mini nawa a kwanon sha. Na shanye tas, ban bar ko ɗigo ba.