Shekara Bakwai Babu Murja, Inna Tana Kan Kujera

Shekara bakwai ke nan da aka ɗauki yayata Murjanatu daga tsakar gida aka kai ta makwancinta. Kowace shekara idan watan ya zagayo nakan yi mata addu'a in ja bakina, don ni malamar firamare ce a Tsafe, ba marubuciyar jarida ba. Bana shirun ya gagare ni. Mahaifiyarmu, Inna, ta faɗi a Gusau tun kafin azumi. Ba ta karye ba, amma an zaunar da ita a kujera an hana ta tashi, kuma na san idan aka ci gaba a haka ba za ta ƙara tsayawa da ƙafafunta ba. Wadda ta fi kowa sanin maganin wannan a duk danginmu ita ce babu.

Murja likitar gashin ƙashi ce. Da ta gama karatu ta kama aiki a asibiti a Gusau, dangi a ƙauyenmu Furfuri suka ɗauka mun samu mai ɗori ta boko, duk wanda ya gurɗe sai a ce a kai wa Murja. Ita kuwa hankalinta na wani wuri. Abokan karatunta suna rububin 'yan ƙwallo da waɗanda suka yi haɗarin mota, ita ta ɗauki tsofaffi ta rungume. Me ke kayar da su, yaya ƙarfinsu ke zurarewa ba a ankara ba, kuma me za a yi wa wanda mantuwa ta kama, abin da muke kira gigin tsufa mu yi dariya mu wuce. A gida muka sa mata suna amaryar tsofaffi. Ba ta taɓa jin haushi ba, cewa take ai su ba sa yaudara.

Tun farkon bincikenta ta ci karo da wani abu da ya daɗe yana ba ta dariya. Gwajin da ke cikin littattafan da ta karanta cewa yake a zaunar da tsoho a kujera a ga yadda zai miƙe. Ta ce wace kujerar? Tsofaffinmu a tabarma suke wuni, a ƙasa suke cin tuwo, a ƙasa suke gaida Ubangijinsu. Sai ta riƙa shiga ƙauyuka, Nahuce, Mada, da na kewayen Tsafe, ta zauna a tsakar gidan mutane tana kallon yadda tsohuwa ke tashi daga sujada. Da hannu ɗaya ta dafa ko da biyu? Ta nemi bango? Ta leƙa wurin alwala ta ga ko ya yi gansakuka, ta duba tsayin dokin ƙofa, har bayan gida sai ta ce a nuna mata. Da wannan ta yi digirin digirgir, ta rubuta takardu da Turanci, aka riƙa kiran ta taro a ƙasashen da ni sai a taswira nake nuna wa ɗalibaina.

Amma abin da ta fi yaƙi da shi ba santsi ba ne, mu ne. Takan ce faɗuwar farko ba ta cika gamawa da tsoho ba, abin da 'ya'yansa ke yi bayanta shi ke gamawa da shi. A wurinmu ladabi ne ka karɓe wa babba aiki, abin kunya ne a shigo gidanka a tarar da tsohuwarka tana motsi kai kana zaune. Na taɓa raka ta wani gida a Nahuce. Muna sallama, matar gidan ta yi wuf ta fizge tsintsiya daga hannun surukarta. Murja ko gaisuwa ba ta gama ba, ta karɓi tsintsiyar ta mayar wa tsohuwar.

Matar ta ce, "Haba likita, mutane su ce mi? Su ce muna zaune tsohuwa na shara?"

Murja ta ce, "Su ce mana. In ta kwanta, su ka zuwa su riƙa juya ta?"

Tsohuwar ta ci gaba da shararta tana murmushi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, har muka fito ina yi wa Murja faɗan rashin kara.

Ciwo ne ya ɗauke ta, bai ja lokaci ba. Ta rasu da shekara arba'in da 'yan kai, furfurarta ba ta fi a ƙirga ba. Wannan shi ke ci mini rai har gobe: mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nazarin tsufa, shi kuma ko ƙofarsa bai kai ba. Allah ya fi mu sanin dalili.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Da yawa daga hanyoyin da take bi ita kaɗai a bayan ɗan acaba, yanzu sai da addu'a da tambayar ko lafiya ake bin su. Tsofaffin da ta sani an kwashe wasu an kawo birni, an sauke su a gidajen da ƙafarsu ba ta sani ba. Haka aka yi wa Inna. Babban wanmu, Yaya Lawali, ya ɗauko ta daga Furfuri ya kawo gidansa na Gusau, ya gyara mata ɗaki na gani na faɗa, ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har banɗaki. Da ma mantuwa ta soma taɓa ta. A tsohon ɗakinta ko kanta ya manta hanya ƙafafunta ba sa mantawa. A sabon kuwa ta idar da alwala, ta taka jiƙaƙƙen tayil, sai gani aka yi tana ƙasa.

Hoto ya nuna ƙashi lafiya lau, buguwa ce kawai a ƙugu. Amma Yaya ya tsorata, kuma shi tsoronsa da sayayya yake fita. Kafin mako ya zagayo ya kawo keken marasa lafiya, ya kawo kujerar roba ta salla, ya kafa doka cewa ko ruwa Inna ke so a miƙo mata. Duk mai zuwa dubiya sai ya sa masa albarka, a ce ga ɗa na gari. Ni kuma duk zuwan da zan yi daga Tsafe sai in tarar cinyoyinta sun ƙara zubewa, maganarta ta ƙara raguwa.

Da na kasa daurewa na same shi a falo, na roƙe shi ya bar Inna ta riƙa tashi tana motsawa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To, in ta sake hwaɗuwa hwa? Ke ka ɗaukar alhakin?"

Na ce, "Na ɗauka, Yaya. In kuma ta mutu bisa kujerar ga, wa ka ɗauka?"

Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja irin na ranar ba. Ba mugu ba ne, son uwa ne ya yi masa yawa har ya rufe masa ido, kuma na san da Murja ce ta faɗa da tuni ya ji, don ita ba ta barin mutum sai ya ji.

Mene ne ya rage na Murja? Takardunta suna can, an ce ɗalibai na karantawa, ina kuma yi musu murna. Amma a gidan da ta fito babu wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya, kuma ba su hana mahaifiyarta zama a kujera ba. Abin da ya rage mini ɗan kaɗan ne, shi ne abin da idona ya ɗauka ina gefe: a shimfiɗa tabarma a kan santsi, a tsaya ta ɓangaren da ke da rauni, kada a ja tsoho ta hammata, a ba shi damtse ya kama da kansa, a kuma jira shi komai daɗewa.

Asabar ɗin da ta wuce aka kira la'asar ina ɗakin. Na janye kujerar sallar, na shimfiɗa tabarma da sallaya, na durƙusa gaban keken. Yaya yana bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma hana ba. Inna ta dafa ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Sai ta dube ni kamar baƙuwa, ta waiwaya ƙofa.

Ta ce, "Ina Murja tat tahi? Ku kira min ita, ita ta iya tada mutum."

Ashe mantuwar ta share mata har da rasuwar. Na ji takun Yaya ya juya ya bar ƙofar. In na faɗa mata gaskiya, yau za ta soma zaman makokin 'yarta daga farko, gobe kuma ta sake.

Na miƙa mata damtsena na ce, "Ita ta aiko ni, Inna. Kama nan."

Ta kama. Mun daɗe kafin ta miƙe, nauyinta duka a kaina, kuma tsayuwar ba ta wuce ta yi kabbara ta karanta Fatiha ba, ƙafafun suka ce sun gaji. Ban sani ba ko za ta sake taka tsakar gida. Da na zaunar da ita tana haki, ba ta saki hannuna ba.

Ta ce, "In kin koma ki ce mata ta zo da kanta. Na yi kewarta."